Saita Wutar Inji da Kunne na Cinye Mana Mai da Fistin

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi magana a kan wani aiki da ake yi kullum a garejojin garinmu Zariya, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada, daga Kwangila zuwa Ɗan Magaji, aikin da ba ya cin minti biyar, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba, amma idan aka yi shi da ka yana iya kai mutum ga sayen wani inji. Ina nufin saita lokacin da fulogi ke ba da wuta, abin da makanikai ke kira taimin, ko su ce za su ƙara wa mota wuta ko su rage mata. Na shafe shekaru ina koyar da kanikanci a makarantar koyon sana'a kafin in yi ritaya, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata asara da muka yi a gida a bazarar da ta wuce, wadda har yanzu take ci mini rai, domin da kunnena na ji ta tafe, ban kuwa tare ta ba.

Ɗan ƙanena yana jigilar fasinja tsakanin Zariya da Kano da wata tsohuwar Toyota Corolla ta shekarun 1990, irin mai distiributa, wato abin da ke raba wa fulogai wuta ɗaya bayan ɗaya. Wata rana ta'aziyya ta kama ni a Kano, na shiga motarsa a Kwangila, mu bakwai har da shi, but maƙare da kaya, rana kuwa ta take. Bayan mun wuce Tashar Yari sai ya fito zai wuce wata tirela, bai sauko da giya ba, ya taka totur har ƙasa. Nan take na ji wata siririyar ƙara daga cikin bonet, kamar an zuba 'yan tsakuwoyi a gwangwanin madara ana kaɗawa, yana ɗaga ƙafa kuma ta ɗauke. Na ce masa, "Kai, tun yaushe motar nan take wannan kuka?" Ya ce, "Baffa, ai tafet ne, oga ya ce ba komai. Tun da ya ƙara mata wuta ma ta fi tashi." Na gaya masa tafet, wato ƙarfen da ke danna bawul, ba ya jiran a taka totur kafin ya yi ƙara, na kuma ce ya kawo mini motar gida in duba. Ya ce to, irin to ɗin yaran yanzu, ni ma ban sake bi ta kansa ba.

Bayan mako uku ya kawo ta da kansa, tana tafasa ruwa, tana kakkarwa, silinda ɗaya ya daina aiki. Kafin a kwance komai na ɗauko tsohuwar fitilar taimin ɗina, wadda ake auna lokacin wuta da ita, na haska, na ga wutar tana tashi a digiri 22, alhali kamfanin da ya ƙera injin 10 ya rubuta. Da aka ɗaga tof silinda muka tarar gaskit ya ƙone tsakanin silinda biyu, gefen kan fistin ɗaya ya gutsuttsure kamar gara ta ci shi, ringin sama ya karye gida uku, farin tangaran ɗin fulogi kuma ya yi ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa masoro. Gyaran ya cinye masa ribar wata biyu, ban da kwanakin da motar ta yi a ajiye. Ba zan ambaci garejin da aka yi wannan aiki ba, domin abin da aka yi a can shi ake yi kusan ko'ina, kuma na tabbata wanda ya yi shi da zuciya ɗaya ya yi.

Da farko ya kamata mai karatu ya raba abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya. Akwai taimin na bawul, wanda bel ko sarƙa ke riƙe da shi tsakanin karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, da kamshaf, sandar da ke danna bawul, shi ne ke tsara lokacin buɗewa da rufewar bawul. Akwai kuma taimin na wuta, wanda nake magana a kai. Injin fetur na mota yana aiki ne da zagaye mai hawa huɗu, irin wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fitar a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Karanshaf yana juyi biyu kafin a kammala wannan zagaye, distiributa kuwa juyi ɗaya take yi. Tun da juyi ɗaya digiri 360 ne, da digiri ake auna lokacin tashin wuta, ana ƙirgawa daga ƙololuwa, wato inda fistin ke kai ƙarshen hawansa kafin ya juyo. Idan aka ce digiri 10, ana nufin fulogi ya yi tartsatsi saura digiri 10 fistin ya kai ƙololuwa.

Mai karatu zai iya tambaya, don me za a kunna wuta tun fistin bai gama hawa ba? Dalili shi ne haɗin iska da mai ba ya ƙonewa gaba ɗaya lokaci guda. Wutar tana farawa ne 'yar ƙarama a bakin fulogi, ta bazu zuwa gefe kamar yadda gobarar daji ke cin ciyawa, kuma ana so ƙarfinta ya cika daidai lokacin da fistin ya ɗan gota ƙololuwa, kamar da digiri 15, ya fara gangarowa. Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san wannan a ƙafarsa: idan ya danna feda tun ba ta gota sama ba, baya za ta tura shi, idan kuma ya bari sai ta yi nisa da gangarowa, rabin ƙarfinsa ya tafi a banza. Lissafin ba shi da wuya. A silo, wato mota tana tsaye ba a taka totur ba, inji yana juyi kamar 800 a minti, don haka cikin kashi 2 bisa 1,000 na sakan karanshaf yana cin digiri kusan 10. A juyi 3,000, wanda shi ne gudun babbar hanya a motoci da yawa, cikin wannan ɗan lokaci digiri 36 yake ci. Ke nan gwargwadon gudun inji, gwargwadon yadda dole wuta ta riga fistin, har zuwa wata iyaka da yawanci ba ta wuce digiri 30 da 'yan kai idan an taka totur sosai, domin a gudu mai yawa ƙunar ita ma tana ƙara sauri.

A motocin farko direba ne ke yin wannan da hannunsa. Ford Model T da ta fito a Amurka a 1908 tana da wani ɗan hannu a jikin sitiyari na matso da wuta gaba ko mayar da ita baya, kuma wanda ya manta bai mayar da ita baya ba kafin ya murɗa inji da hannu, ƙarfen murɗawar yakan dawo ya karya masa hannu. Daga baya aka ɗora wa distiributa aikin. A irin ta Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a kamfanin PAN na Kaduna da ya fara aiki a 1975, kuma a kanta manyan makanikanmu da yawa suka koyi sana'a, akwai ƙananan ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin, waɗanda ke buɗewa idan inji ya ƙara gudu su matso da wuta gaba. Akwai kuma wani ɗan gwangwani a gefe mai siririn tiyo da ya taho daga kafireta, wanda ke ƙara matso da wutar idan ana tafiya da totur kaɗan, domin a lokacin haɗin da ke shiga silinda ba shi da yawa, ƙunarsa kuma a hankali take. Wannan ɗan gwangwani shi ne mai tsimin mai a doguwar tafiya. Sau nawa na buɗe bonet na tarar tiyon ya tsage an yanke shi an toshe da ƙusa, ko ƙarafan nan sun cije saboda ƙurar hunturu da tsatsa! Mota ta rasa ƙarfi a hanya, a kai ta gareji, maimakon a nemo abin da ya cije sai a juya distiributa gaba a rufe laifin, a haifar da wani da ya fi shi.

Ga yadda aikin ke gudana a mafi yawan garejoji. Mota tana tsaye tana silo, oga ya sassauta noti, ya kama distiributa yana juyawa a hankali, ya karkata kai yana saurare. Yana matsawa gaba inji yana ƙara gudu, muryarsa tana washewa, har ya kai inda ya fi daɗin ji, ya taka totur sau biyu inji ya amsa da zafi, ya ɗaure noti. Mai mota ya yi murmushi ya biya. Abin da su biyun ba su lura da shi ba shi ne, injin da ke tsaye ba ya ɗauke da komai, kuma injin da ba ya ɗauke da kaya kullum yana son wuta fiye da abin da zai iya jurewa a kan hanya. Wurin da ya fi daɗin ji a gareji ya wuce lambar kamfani nesa ba kusa ba. Ga shi kuma ma'aunin siriri ne ƙwarai: digiri ɗaya a jikin fulin karanshaf bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma tun da distiributa rabin gudun karanshaf take yi, duk digiri ɗaya da hannu ya juya ta digiri biyu ne a inji. Ɗan motsin da bai kai faɗin farce ba ya isa ya kai wuta daga 10 zuwa 20. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan aiki kima ba ta wadatarwa, mudun ake bukata.

Ƙarar da na ji a Tashar Yari ba ta da tsayayyen suna a garejojinmu, kuma ina ganin rashin sunan yana cikin abin da ya sa ake raina ta. Idan muka ce inji ya yi nokin ko ya buga, muna nufin ya cije saboda rashin baƙin mai, ya gama aiki. Wannan kuwa ƙarama ce, tana zuwa tana tafiya, shi ya sa ake jingina ta ga tafet. Ɗalibaina na koya musu su kira ta kukan tsakuwa. Abin da ke faruwa shi ne, idan wuta ta tashi da wuri, fistin yana hawa ƙuna tana danno shi, matsi da zafi su yi yawa, sai ragowar haɗin da ke can gefen silinda, wanda harshen wuta bai kai gare shi ba tukuna, ya fashe da kansa. Fashewar tana dukan bangon silinda da kan fistin kamar guduma, tana kuma share wani siririn rufin iska da ke kare ƙarfe daga zafi. Wutar cikin silinda tana haura digiri 2,000 a ma'aunin zafi, alminiyam ɗin da aka yi fistin da shi kuwa tun bai kai 700 ba yake narkewa. A juyi 3,000 kowane silinda yana kama wuta sau 25 a sakan, sai mai karatu ya ƙiyasta yawan dukan da fistin ke sha daga nan zuwa Kwanar Ɗangora. Wata alamar kuma ita ce, idan inji ya yi zafi aka kashe aka zo tayarwa, kik yakan ja da ƙyar kamar batir ya yi sanyi, na kuma san mutanen da suka sayi sabon batir saboda wannan.

Rage wuta fiye da kima shi ma ba tsira ba ne, ko da yake ɓarnarsa a hankali take zuwa. Mai yana ci gaba da ƙonewa bayan fistin ya yi nisa, ƙarfin da ya kamata ya tafi taya sai ya fita ta salansa a matsayin zafi. Mota ta yi nauyi, ta riƙa shan mai, allurar zafi ta riƙa hawa a cunkoson PZ, bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone, wani lokaci da dare har a ga bakin salansa daga jikin inji ya yi ja. Daga nan sai a ɗora wa lagireto laifi, a cire tamostat a jefar.

Yin aikin yadda ya dace ba ya bukatar wani babban ilimi, tsari kawai yake so. Ana barin inji ya yi zafinsa na aiki, a tabbatar fulogi da wayoyinsu lafiya suke. Idan motar mai kwantak ce, wato 'yan ƙarafan da ke buɗewa da rufewa a cikin distiributa, sai an fara saita tazarar bakinsa, wadda a injuna da yawa kusan milimita 0.4 ce, domin duk canjin da aka yi wa tazarar yana matsar da lokacin wuta, wanda ya saita wuta sannan ya taɓa kwantak ya rushe aikinsa da hannunsa. Sai a nemo lambar kamfani a littafin motar ko a takardar da ke liƙe a cikin bonet, a goge alamar da ke jikin fuli ko filawil a shafa mata alli, a maƙala fitilar taimin a wayar fulogi na ɗaya. Fitilar tana walƙawa duk lokacin da fulogin ya yi tartsatsi, sai alamar ta bayyana kamar a tsaye take kusa da lambobin digiri. A nan ne masu babbar riga za su yi hattara, domin walƙiyar tana sa abin da ke juyawa ya yi kama da tsayayye, hannun riga kuwa ba ya jayayya da fanbel. A motoci masu gwangwanin nan, yawanci littafi yana cewa a cire tiyon a toshe shi kafin a auna. A irin Corollar ɗan ƙanena, wadda kwamfuta ke matso mata da wuta, sai an haɗa ramuka biyu masu alamar TE1 da E1 da 'yar waya a akwatin gwaji da ke cikin bonet, domin kwamfutar ta janye hannunta, in ba haka ba lambar da za a gani ba ita ce ta tushe ba. Bayan an juya distiributa alama ta zauna a wurinta, a ɗaure noti a sake haskawa, saboda ɗaurewar kanta tana iya gusar da ita. Daga nan a ƙara totur ana kallo: alamar ta tafi gaba sumul ta dawo sumul, idan ta tsaya cik ko tana tsalle, akwai abin da ya lalace a ciki wanda juya distiributa ba zai gyara ba. Idan kuma ana shakkar alamar kanta, domin fulin da ke da roba a tsakiya yakan zame idan ya tsufa, sai a cire fulogi na ɗaya a zura siririn tsinke, a juya inji da hannu har fistin ya kai ƙololuwa, a duba ko alamar ta yi daidai da sifili.

Ba zan yi wa tsofaffin makanikanmu rashin adalci ba. Na zauna da waɗanda ba su taɓa riƙe fitilar taimin ba amma aikinsu yana fita daidai, sai dai su ba a gareji suke gama shi ba. Sukan fara da inji a kashe, su daidaita alama, su haɗa ɗan ƙwan fitila a kwantak, su juya distiributa har ƙwan ya kama daidai lokacin da bakin kwantak ya buɗe. Sannan su fita da motar hanyar Shika ko ta Wusasa, su sa babbar giya a ƙaramin gudu su taka totur, idan suka ji kukan tsakuwa su tsaya su rage kaɗan, su sake gwadawa har ya ɗauke. Wannan kunne ne da ya san abin da yake nema da inda zai neme shi. Abin da ya rage a hannun yara da yawa yanzu rabin aikin ne, sun gaji juya distiributa, ba su gaji fita hanya ba.

Gwajin hanyar nan yana da muhimmanci ko da an yi amfani da fitila, domin lambar kamfani an rubuta ta ne don sabon inji da mai mai kyau. Ƙarfin fetur na jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba, wanda ake kira oktan, ba ɗaya yake ba a kowane gidan mai, balle na 'yan bumburutu, wanda idan aka gauraya shi da kananzir oktan ɗinsa yakan faɗi. Injin da baƙin gawayi ya taru a kan fistin ɗinsa, ko wanda aka fere masa tof silinda bayan ya ƙona gaskit, matsinsa ya ƙaru, yana iya neman a rage masa digiri ɗaya ko biyu. Yanayi ma yana da tasa rawar. Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, Jos ta haura 1,200, kuma iskar tudu ba ta kai ta gangare nauyi ba, don haka motar da aka saita a kan gaɓa a Jos cikin sanyin Disamba tana iya yin shiru a can, ta fara kuka idan ta gangara Lakwaja cikin zafin Maris.

Masu sababbin motoci za su ce wannan magana ba ta shafe su ba, tun da motocinsu ba su da distiributa. Gaskiya ne babu abin juyawa, kwamfutar da muke kira birenbokis ce ke yanke lokacin wuta, tana karɓar labari daga sansa ta karanshaf, da kuma wata sansa da ke manne a jikin inji tana sauraron kukan tsakuwa, da zarar ta ji sai a ja wuta baya. Amma wannan yana nufin idan aka zuba gurɓataccen mai, ko sansar ta lalace, ko ɓera ya ci wayarta, mota za ta kare kanta ta hanyar rage wuta, mai ita kuma ya biya da ƙarin mai da rashin ƙarfi ba tare da ya ji wata ƙara ba. Haka nan idan aka canza taimin bel aka kuskure haƙori ɗaya. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da ramin saka na'urar bincike ta OBD-II, kuma na'urar tana nuna digirin wuta ƙarara yayin da inji ke aiki. Abin takaici, da yawa suna amfani da ita ne kawai don goge fitilar gargaɗi daga dashbod.

Abin da ya ƙara sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne gas. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobin haya da yawa suna mayar da motocinsu su yi aiki da matsattsen gas da ake kira CNG tare da fetur. Gas ɗin yana jure matsi fiye da fetur sosai, ƙunarsa kuma ta fi jinkiri, saboda haka yana son wuta ta ƙara matsowa gaba. Motar da aka bar ta a saitin fetur takan yi sanyi a kan gas, direba ya koma gareji ya yi ƙorafi, a juya masa distiributa gaba, ta warware. Ranar da gas ya ƙare a hanya ya koma fetur, inji ya shiga halin da na ɗan ƙanena ya shiga. Akwai 'yar na'urar da ake haɗawa wadda ke matso da wuta idan ana kan gas kawai, ta sake ta idan an koma fetur, kuma ya kamata duk mai shirin wannan canji ya tambayi masu aikin yadda za su yi da lokacin wuta tun kafin ya biya kuɗi.

Mu masu motoci muna da namu kason laifin, ba ƙarami ba. Mu ne muke tsayawa a kan makanike muna cewa a ƙara mata wuta, kamar wuta gishiri ce da ake ƙarawa a miya. Mu ne muke yaba wanda ya gama cikin minti biyu, mu zargi wanda ya ɗauko littafi da fitila da cewa bai iya aiki ba ko yana neman ƙarin kuɗi. Makaniken da ya san ba za a biya shi ladan awo ba, ba zai sayi abin awo ba, alhali fitilar ba ta kai kuɗin fistin da ringi da gaskit na gyara ɗaya ba, kuma guda ɗaya tana iya yi wa gareji biyar aiki shekara da shekaru.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA a Zariya da su sa wannan awo cikin abin da yaro zai nuna ya iya kafin a yaye shi, su kuma duba yiwuwar sayen fitila da na'urar bincike na haɗin gwiwa a kowane rukunin garejoji. Garin nan ba ya rasa masana. Muna da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a hanyar Basawa tun 1986, muna da sashen injiniyan injuna a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli. Bitar yini biyu da harshen Hausa, a cikin gareji, a kan motar gaske, wadda za a nuna wa mutum da idonsa inda kunnensa ya ajiye wuta da inda littafi ya ce, za ta yi tasirin da lacca a zaure ba za ta yi ba. Kai kuma Edita, da za ka ware ɗan gurbi a jaridar nan ko sau ɗaya a wata don irin waɗannan batutuwa, da direbobi da yawa sun amfana, domin a tasha ana karanta ta ana kuma miƙa wa na kusa.

Motar ɗan ƙanena ta koma hanya. Da muka gama haɗa ta na saita ta a digiri 10, muka ɗauki mutum biyar daga cikin yaran unguwa muka fita hanyar Shika da tsakar rana, na ji ɗan kuka kaɗan a babbar giya saboda an fere tof silinda, na rage ta zuwa 8, ya ɗauke. Na ɗiga farin fenti a inda gindin distiributa ya haɗu da jikin inji, na ce masa duk ranar da ya karɓo ta daga sabis ya buɗe bonet ya duba ko ɗigon ya rabu biyu. Ya ce mini ba ta fizga kamar da idan ya taka ta a tsaye cikin tasha, abokansa har suna yi masa tsiya, amma man da yake sha zuwa Kano da dawowa ya ragu, allurar zafi kuma ba ta ƙara wuce rabi ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin koyar da kanikanci,
Tudun Wada, Zariya.